Tafa hannu ba zaɓe ba ne

Duk wanda ya taɓa riƙe katin wata ƙungiyar ma'aikata ko ta masu sana'a a ƙasar nan ya san yadda ake sabunta biron reshe. Malaman lakwal ne, ungozomomi ne, ƴan jarida ne, teloli ne ko makanikai, wasan ɗaya ne. A kira taro ƙarfe tara, a fara sha ɗaya da rabi. Wakilin uwar ƙungiya da ya taso daga Yamai ya yi dogon jawabi kan haɗin kai. Sai wani dattijo ya miƙe ya ce tunda dukanmu ƴan uwa ne bai kamata ƙuri'a ta shiga tsakaninmu ba, a ba manya minti goma su keɓe. Su keɓe, su fito da takarda. A karanta sunaye goma sha biyar, a ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu. To wa zai ɗaga hannu gaban shugabansa na wurin aiki, ko gaban wanda ya koya masa sana'ar? Sai a tafa, a shafa fatiha, a kawo shinkafa. Washegari a rubuta a rahoto cewa an zaɓi sabon biro bisa sulhu.

Wannan sulhu shi ne garar da ke cin ƙungiyoyinmu daga ƙasa. Abin haushi kuma, waɗanda suka fi kare shi su ne suka fi kowa kukan cewa ƴan yanzu ba su son aikin sa kai, wai an nema an rasa mai ɗaukar nauyi shi ya sa su suke ta hakuri da kujera shekara goma sha biyu.

Hujjarsu ta farko ita ce al'ada. Wai mu ba mu gaji takara ba, mu mutanen shawara ne, akwatin zaɓe kayan Nasara ne. Ina roƙon masu wannan magana su dubi sarautar gargajiya, wadda babu abin da ya fi ta tsufa a al'adarmu. A Nijar mai gari zaɓensa ake yi, masu gida ke jefa masa ƙuri'a. Sarkin kanto ma haka, masu garuruwa ke zaɓensa a asirce, ƴaƴan sarki uku ko biyar ko goma su tsaya, ɗaya ya ci, sauran su je su yi masa gaisuwa ko su koma gida da fushinsu. Dokar 1993 kan sarakunan gargajiya ta tanadi haka, dokar 2015 da ta maye gurbinta ta ci gaba da shi. Idan rawani da aka gada kaka da kakanni bai fi ƙarfin akwati ba, ta yaya kujerar shugaban reshen ƙungiya a Tasawa ko Madawa za ta fi ƙarfinsa? Kuma abin da ake kira al'adarmu a nan, in ka bi asalinsa, ba shi da tsufan da ake ba shi. Tarbiyyar zamanin jam'iyya ɗaya ce da zamanin samariya na mulkin Seyni Kountché, lokacin da ake tsara ƙungiyar matasa da ta mata daga sama, a aiko da suna, jama'a su tafa. Mun yi babban taron ƙasa a 1991 don mu rabu da wannan. Ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai ne suka ja gaba, har aka zubar da jinin ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990. Abin kunya ne a ce gidajen da suka nema wa ƙasa akwati su ne ke ɓoye shi a ƙarƙashin gado.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa zaɓe raba kai yake kawowa: wanda ya faɗi sai ya kwashi mutanensa ya je ya kafa tasa ƙungiyar. Gaskiya ne mun ga rarrabuwa. A da USTN ce kaɗai uwar ƙungiyoyin ƙwadago, sai CNT ta fito a 1996, CDTN ta fito a 2001, aka yi ta haihuwa har suka haura goma. A fannin ilimi kuwa sandika sun yi yawan da malamin kansa ba zai iya lissafa su ba. Amma mai karatu ya tuna rarrabuwar da ya gani da idonsa a garinsu. Sau nawa mutum ya fita don an ƙidaya ƙuri'a a gabansa ya ga ya faɗi? Galibi mai fita shi ne wanda aka hana tsayawa, ko wanda wa'adin biro ya ƙare shekara uku aka ƙi kiran taro, ko wanda ya iske an gama rabon kujeru a falon wani kafin ya iso. Wanda aka kayar da ƙuri'a 40 da 31 ya san matsayinsa, ya san mutum biyar kawai yake bukatar ya jawo kafin zaɓe na gaba, saboda haka yana da dalilin zama. Wanda aka kayar da tafi ba shi da lissafi, ba shi da ranar da zai jira. A ransa shi ne mai rinjaye aka danne, kuma babu mai iya ƙaryata shi tunda ba a ƙidaya ba. Shi ke nan sai ya sayi hatimi ya buga takarda mai kai, an sami sabuwar ƙungiya.

Ko gardamar wace uwar ƙungiya ce ta fi mabiya, wadda aka shekara da shekaru ana yi, akwati ne ya kawo mata sauƙi. A 2019 aka yi zaɓen ma'aikata, CDTN ta zo ta ɗaya, kowa ya ga iyakar ƙarfinsa a rubuce. Kafin nan kowace cewa take ita ce giwa.

Yanzu mu zo ga abin da ba a faɗa a gaban taro. Me ya sa wakilin Yamai zai yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Damagaram da takardar sunaye a aljihu? Saboda a yawancin ƙungiyoyin nan shugabannin rassa su ne wakilan da ke zuwa babban taron ƙasa na ƙungiya, su ne ke zaɓen biron ƙasa. Wanda ya naɗa shugabannin rassa bana ya riga ya ci zaɓen baɗi. Biron ƙasa ya ɗora na jaha, na jaha ya ɗora na gunduma, ranar kongire su kuma su mayar da biki. Hannu ke wanke hannu, mai biyan kotizasiyo kuma yana gefe yana riƙe da buta. Da zarar shugaban reshe ya gane cewa kujerarsa daga sama ta zo, to sama zai riƙa kallo. Ungozomar da aka riƙe wa haƙƙinta a wani ƙauyen Dakwaro za ta kira shi sau biyar bai ɗauka ba, amma kiran Yamai ko a cikin barci zai amsa. Kuma ba mugunta ba ce, kowa wanda ya ba shi yake yi wa godiya.

Sai kuma maganar fardiyam. Ana kiran aikin da sunan sa kai, wato babu albashi, kuma gaskiya ne babu. Amma akwai gayyata. Duk wata horarwa ko taron bita da wani aiki na masu ba da tallafi zai shirya a otel, takardar gayyata hannun shugaban reshe take faɗawa, da kuɗin zama da na mota da na kwana. A wata mai albarka abin yakan fi albashin ƙaramin ma'aikaci. Ka ga ke nan kujerar da ake ce mana wahala ce tsantsa tana da romonta, kuma romon ne ke sa wahalar ba ta isar mai ita. Na san reshen da shugabansa ya yi ritaya, ya bar aikin da ƙungiyar ke wakilta, amma hatimi na aljihunsa, kuma shi ke zuwa koyon sababbin dabarun aikin da ya daina yi. Masu yin aikin suna jin labari a WhatsApp, a hoton rufe taro.

To mu ɗauki kukan nasu da gaske: wai babu masu so. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. In ka tsaya gaban taro ka ce wa ke son shugabanci, shiru za ka ji, kuma shirun ba ƙarya ba ne. Bahaushe na jin kunyar ya nuna kansa. An tashe mu a kan cewa mai neman girma da bakinsa ba a ba shi, har akan kawo hujjar addini cewa shugabanci amana ce da ba a roƙo. Malamai sun fi ni sanin iyakar wannan magana, su ne kuma ke karanta mana cewa Annabi Yusuf, alaihis salam, da kansa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar don ya san zai iya. Amma ko mun bar wannan, kunyar nan tana da magani mai sauƙi, kuma a nan ne dattawan ƙungiya ke da aikin yi na gaske. Su je su nemo mutane. Wata guda kafin taro, mutum biyu su sami wance a wurin aikinta su ce mata, Hajiya, mun ga yadda kike riƙe littafin adashenku, muna so mu ba da sunanki a ma'aji, kin yarda? Wasu biyun su sami wani. Mutumin da ba zai taɓa ɗaga hannu ya ce ni ba, in aka zo har inda yake aka roƙe shi, da wuya ya ƙi. Haka ake samun ƴan takara uku a kujera ɗaya ba tare da kowa ya zubar da kunyarsa ba. Aikin manya ya tsaya a nan, wato kawo mutane bakin akwati. Laifinsu shi ne sun haɗa nema da zaɓe sun cinye duka, su nemo mutum ɗaya tak a kowace kujera sannan su ce mana an rasa na biyu.

Kuma a dubi irin kujerun da ake miƙa wa sababbin shiga. Saurayi mai jini a jika a ba shi sakataren tsare-tsare, ma'ana shi ke hayar kujeru da rumfa, shi ke ɗauko lasifika a kan babur ɗinsa da man aljihunsa. Ya yi shekara huɗu yana wannan, ba a taɓa tambayarsa ra'ayi ba, ba a taɓa nuna masa littafin kuɗi ba. Ran da ya ce ya gaji sai a ce ka gani, ƴan yanzu ba su da juriya. Mata kuwa an ware masu kujera ɗaya mai suna sakatariyar harkokin mata, wani lokaci a ƙara masu mataimakiyar ma'aji don ado. Har a sana'o'in da mata suka fi yawa a ɗakin taro sai ka ga maza a teburin gaba. Matan ƙasar nan sun yi tattaki a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991 don an so a shirya babban taron ƙasa kusan ba tare da su ba, ranar da muke bikinta duk shekara. Dokar kaso ta 2000 ta ba su kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019. Majalisar dokoki ta yi wannan tafiya, reshen ƙungiya na gunduma yana nan inda aka bar shi. Kuma in ana son mace ta tsaya, a daina sa taron biro bayan sallar isha'i a majalisar shayin shugaba.

A fannin koyarwa akwai wani ƙarin rashin adalci. Malaman kwantaragi su ne mafi yawa a azuzuwan firamare tun shekaru da dama, su ne a ƙauyukan da mota ba ta zuwa, su ne kuɗinsu ke makara. Duk inda aka haɗa su da masu cikakken matsayi a ƙungiya ɗaya sannan aka yi rabon kujeru bisa girma da daɗewa, an san wanda zai tashi hannu wofi. Sulhu kullum wanda ya riga zama yake fifitawa. Ƙuri'ar asiri ce kaɗai ke sa yawan mutane ya zama nauyi.

Akwai kuma tsadar aikin, wadda masu zama a babban birnin jaha ba su cika lura da ita ba. Jihohi 8 gare mu da gundumomi 63, kuma tsakanin wasu gundumomin da babban garin jaha tafiyar yini ce. Wanda ke aiki a Tanut ko Gure in an zaɓe shi a biron jaha, duk taro sai ya biya mota zuwa Damagaram da dawowa, ya ci abinci, wata ran ya kwana. Ƙungiyar da ba ta mayar masa da jaka 5 ko 10 da ya kashe ta riga ta yanke cewa masu hali da ƴan cikin gari kaɗai za su shugabance ta. Aikin sa kai lokacinka kake bayarwa, bai kamata ya haɗa da cefanen gidanka ba. A rubuta a dokar cikin gida cewa ana biyan kuɗin mota da na kiran waya bisa rasit, a kuma rubuta cewa gayyatar horarwa zagayawa take tsakanin membobi, a kafe sunan wanda ya je da abin da ya koyo. Ranar da aka yi wannan, wasu da suka rantse ƙaunar ƙungiya ce ta zaunar da su za su tuna suna da ciwon baya. Hakan ma alheri ne.

Shi kansa zaɓen ba ya bukatar tallafin kowa. Ƙunshin farar takarda ɗaya, kwalin sukari da aka huda, da mutum uku waɗanda ba su takara. A sanar da rana wata guda kafin nan. A kafe sunayen masu ikon zaɓe mako biyu kafin taro, don kada ɗan takara ya zo daren jajibiri ya biya wa mutum talatin bashin kotizasiyo ya shigo da su kamar garke. Biro mai barin gado ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, masu binciken kuɗi su faɗi abin da suka gani, kafin a taɓa maganar sababbi. Kuma mai binciken kuɗi kada ya zama ƙanen ma'aji. A zaɓi kujera ɗaya bayan ɗaya, domin jerin sunaye a dunƙule hanya ce ta ɓoye ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando. Ko ɗan takara ɗaya ne ya tsaya, a jefa ƙuri'a a asirce, e ko a'a. Shugaban da ya ga mutum 22 cikin 60 sun rubuta a'a zai yi shekarunsa yana sauraro. Wakilin Yamai ya zauna ya shaida, ya sa hannu a takardar sakamako, ya hau motarsa. Kuma wa'adi biyu ya isa. Mafi yawan wannan ma yana rubuce a dokokin da ƙungiyoyin suka ajiye hannun hukuma da kansu kafin a ba su izini, tun ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984. Ku nemi kwafi ku karanta, in sakatare ya yarda ya fito da shi.

Wani zai ce ƙasa na cikin halin da take ciki, ana fama da tsaro da tsadar rayuwa, kai kana maganar zaɓen sakataren reshe. Halin da ake ciki ne ma ya sa nake maganar. Tun Afrilu 2024 aka rushe majalisun da'irori da na jihohi aka naɗa kantomomi, a Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa. Kowa da ra'ayinsa kan wannan, ba shi ne zancena yau ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne, a yanzu ɗakin taron ƙungiya na cikin ƴan wuraren da suka rage inda ɗan Nijar zai iya tsayawa takara, ya nemi goyon baya, ya ci ko ya faɗi, ya karɓi littafin kuɗi daga wanda ya gada ya kuma miƙa shi ga wani. Matashin da ya fara aiki bana yana iya kai shekaru bai ga an ƙidaya ƙuri'a a gabansa ba. In ƙungiyarsa ma tafi ta koya masa, a ina zai koyi sauran? Sannan duk ranar da shugaban ƙungiya ya zauna gaban gwamna ko minista yana neman haƙƙin mutanensa, tambayar farko da ke zuciyar mai sauraronsa ita ce, mutum nawa ke bayan wannan? Wanda aka zaɓa yana da amsa a rubuce. Wanda aka naɗa, shi da mai sauraron duk sun san in ya kira yajin aiki rabin reshe ba za su ji ba, sai a ba shi shayi a sallame shi.

Ban wanke mu membobi ba. Da yawanmu ba mu biyan kotizasiyo sai ranar da aka yi mana canjin wurin aiki zuwa inda ba mu so, sannan mu tuna muna da ƙungiya. Dala ɗari ko dala metan a wata muke ƙyashi, amma mu ne kan gaba wajen cewa sun cinye kuɗin. A ranar taro mu zauna a baya, mu tafa da kowa, mu fito bakin ƙofa mu fara zagi. Biron da ya san mutum 15 cikin 200 ke biya ya san ba shi da mai tuhumarsa, kuma da gangan wasu ba su matsa wa kowa ya biya, don ƙarancin masu kati shi ne kwanciyar hankalinsu. Saboda haka wanda wa'adin biron reshensu ke ƙarewa bana ya fara da biyan bashinsa, ya karɓi rasit, ya nemi a nuna masa sashen dokar da ya yi maganar zaɓe. Ya sami mutum biyu ko uku su yi shawara tun kafin ranar, domin mai miƙewa shi kaɗai ana iya ce masa ɗan tawaye, amma in ya ce, ranka ya daɗe, muna roƙon a yi ƙuri'ar asiri kamar yadda doka ta ce, wata daga can gefe ta ce na goyi baya, wani ma ya ce haka, to dole mai jagorancin taro ya aika a nemo kwali.